Daga Sarkin Makafi Zuwa Takardar Majo: Tarihin Duba Ido a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Da wuya ka sami tsohon gari a ƙasar Hausa da ba shi da Sarkin Makafi. Sarauta ce sosai, da naɗinta da mabiyanta, a wasu garuruwan har da unguwa guda. Mutane kan ambace ta don nuna yadda kakanninmu suka san darajar kowa, kuma haka ne. Amma ni abin da take tuna mini daban ne: ba a naɗa wa mutum uku sarki. Sai makafi sun yi yawa sannan za su bukaci shugaba.

Abubuwan da suka makantar da su sanannu ne: agana, ƙyanda, amodari, yana, da rauni da aka bari ya ruɓe. Agana ta tafi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewarta a 1980. Sauran huɗun suna nan tare da mu, kuma duk cikinsu babu wanda ba a iya tare shi ko a gyara shi in an gan shi da wuri. Saboda haka tarihin lafiyar ido a gundumominmu na Agye da Gazawa da Gidan Rumji, in ka tace shi, tarihin tambaya ɗaya ce: wa ke fara duba idon, kuma wa ke cewa wannan a yi masa magani a nan, wannan kuwa a wuce da shi Maraɗi yau?

Kafin zuwan likita, masu amsa wannan tambaya su ne tsofaffin gida da wanzami da mai magani. Tsohuwar da gashin idonta ya juya ciki takan rataya matsefata a wuya, ta sa jikarta ta riƙa tsige mata shi duk bayan 'yan kwanaki. Wannan dabara ba wauta ba ce, tana rage gogar ido, sai dai gashin yakan sake tsirowa, wani lokaci guntu mai tsini. Masu yana kuma suna jiran masu aikin ido da ke yawo kasuwa-kasuwa, waɗanda ke sa tsinke mai kaifi su tura yanar ta faɗa can cikin ido. Mutum ya ga haske nan take, a yi ta murna, mai aikin ya karɓi ladarsa ya wuce gari na gaba. Abin da ke biyo baya ba ya nan balle ya gani: kumburi, azabar ciwo, sau da yawa idon ya mutu gaba ɗaya. Har yau ba a rasa masu wannan sana'a ba.

Turawan Faransa sun san amodari, don ya addabi sojojinsu tun zamanin da Napoleon ya shiga Masar a 1798. Sun kafa cibiyar yaƙi da shi a Dakar a 1947, suka mayar da ita Bamako a 1953 da sunan IOTA, inda aka horar da da yawa daga cikin likitocin ido na ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Amma ina Bamako ina mutumin Gangara? Asibitin ido da talakan nan ya sani shi ne na Kano, wanda 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1943. Su ne kuma suka buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan na kutare a Danja, kudu da Maraɗi kaɗan. A wancan zamani babu takardar turawa. Fatake da 'yan cin rani ne ke kawo labari cewa a Kano ana cire yana mutum ya dawo yana gani, sai dangi su haɗa guzuri, a bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Kuma ba a ɗaukar wannan tafiya sai mutum ya riga ya zama abin ja da sanda. Wanda idonsa ke cikin lalacewa a makon nan, wanda shi ya fi bukatar tafiyar, yana gida ana ɗiga masa ruwan ganye.

Canji na farko ya zo bayan samun 'yancin kai. A shekarun 1960, ƙarƙashin aikin rayar da karkara, jihar Maraɗi na cikin wuraren da aka fara zaɓen masu ba da taimakon farko a ƙauyuka, waɗanda dattawa ke kira sakuris, tare da horar da unguwarzoma. Gari ne ke zaɓen mutuminsa, a koya masa aiki na 'yan kwanaki, a ba shi akwati da maganin zazzaɓi da na miki da na ɗigawa a ido. Iliminsa kaɗan ne, akwatin ma kan ƙare a rasa mai cika shi. Duk da haka, karo na farko ke nan da aka ɗora wa wani a cikin ƙauye nauyin rarrabewa: wannan jan ido ne da zai wuce, wancan ya fi ƙarfina, a tafi likita. Lokacin da ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata a 1978 suka amince cewa kiwon lafiya daga matakin farko yake farawa, ƙauyukanmu sun riga sun ɗanɗana abin.

Shekarar da na fi ba muhimmanci ita ce 1987. A cikinta Nijar ta kafa shirin ƙasa na yaƙi da makanta, wanda daga baya aka sauya wa suna ya zama PNSO. A cikinta kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da hanya mai sauƙi ta gane amodari, alamomi biyar kawai, waɗanda ma'aikacin jinya zai iya koya ba sai likitan ido ba. Kayan aikin su ne tocila da tabarau mai ƙara girman abu sau biyu da rabi. Ana kama gashin ido na sama, a juya fatar idon a dubi cikinta. In an ga ƙananan ƙuraje farare guda biyar ko fiye, kowanne ya kai rabin milimita, amodari ne yana cin yaro. In fatar ta yi kauri ta yi ja har jijiyoyinta sun ɓuya, ya yi tsanani. In an ga fararen layuka kamar zare, tabo ne na ciwon da aka sha yi a baya. Sai mataki na huɗu, inda tabon ya janye fatar ta lanƙwashe, gashi ko da guda ɗaya yana taɓa ƙwayar ido. Na biyar shi ne hakiya, lokacin da gogar gashin ta dusar da madubin gaban ido, wato fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido. Daga nan babu komawa.

Amfanin wannan tsari shi ne kowace alama tana faɗa wa mai dubawa abin da zai yi. Ta farko da ta biyu magani ne a nan inda ake. Ta huɗu aiki ne, kuma da gaggawa. Tambayar nan ta wa za a riƙe, wa za a tura, ta sami amsa rubutacciya.

Da wannan ma'auni aka bi ƙasar tsakanin 1997 da 1999, aka tarar Damagaram da Difa da Maraɗi su ne kan gaba. A jiharmu kusan rabin ƙananan yara ne aka samu da ciwon. Duk wanda ya yi firamare a wancan lokaci zai tuna fuskokin ƙannensa, kwantsa a ido, majina a hanci, ƙudaje sun yi layi a gefen ido yaro ko korarsu ba ya yi. Ƙwayar cutar tana bin hannu, da bakin zanen da uwa ke share wa yara uku fuska da shi, da ƙudan da ke hayayyafa a bayan gidan da aka yi a fili. Ciwo ɗaya ba ya makantarwa. Maimaituwarsa ce shekara da shekaru ke barin tabo. Shi ya sa mata suka fi maza shan wahalarsa nesa ba kusa ba: yarinya ta kamu tana ƙarama, ta sake kamuwa tana goyon ƙaninta, ta sake kamuwa daga 'ya'yanta, sai gashin ya juya tana da shekara arba'in ko hamsin, a ce tsufa ne.

Maganin da aka shirya masa ƙafa huɗu gare shi, ma'aikatan lafiyarmu na kiransa CHANCE: aikin fatar ido, maganin kashe ƙwayar cuta, wanke fuska, da tsabtace muhalli. A 1998 kamfanin Pfizer ya fara ba da azitromisin kyauta ta hannun wata ƙungiya da aka kafa don haka. A Nijar an fara rabon gari-gari a jihar Damagaram a 2002, daga baya ya iso mu, da taimakon Cibiyar Carter da Helen Keller. Iyaye za su tuna sandan nan mai launi-launi da ake auna tsawon yaro da shi don a san yawan maganin da zai sha, da man tetrasiklin da ake ba jariran da ba su kai wata shida ba. Kafin azitromisin, sai an shafa wannan man sau biyu a rana har mako shida, kuma kowa ya san uwa nawa ce za ta iya cika wannan a tsakiyar damina.

Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne aikin fatar ido. Maimakon a ce kowace tsohuwa ta nemi likitan ido a birni, sai aka horar da ma'aikatan jinya su yi aikin da kansu a CSI, ko ma a ajin makaranta ranar da babu karatu. Allurar kashe zafi a fatar, a tsaga, a juyo da bakin fatar waje a ɗinke, cikin kamar minti ashirin an gama, mutum ya koma gida da ƙafarsa. Wannan ya yiwu ne domin an riga an sami inda za a tsaya. Shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadu ya gina ɗakunan shan magani a ƙauyuka tun daga 2001, a 2006 aka ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, a 2011 kuma aka cire Gazawa daga Agye ta zama gunduma mai zaman kanta. Tsani ya samu: ɗakin shan magani na ƙauye, CSI, asibitin gunduma, sannan Maraɗi, inda ake da sashen ido a asibitin jiha da kuma asibitin ido na Makka.

Ba duk abin da aka gwada ne ya ba da abin da aka zata ba. A yankin Kornaka, nan arewa da mu, an yi bincike inda aka haƙa wa wasu ƙauyuka rijiyoyi tare da ɗan wa'azin tsabta, aka kwatanta su da waɗanda ba a yi wa ba. Sakamakon da aka buga a 2010 bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba. Rijiya kaɗai ba ta wanke fuskar yaro. Malamai sun san wannan tun kafin masu bincike, domin mu ne ke tsayawa bakin aji da safe muna duba fuska da farce.

Duk da haka amodari ya ja baya ƙwarai. Ma'aunin da duniya ta sa shi ne ciwon ya sauka ƙasa da kashi 5 cikin 100 na yara 'yan shekara 1 zuwa 9, masu juyayyen gashin da ba a san da su ba kuma su gaza 2 cikin manya 1000. Gana ta cika shi a 2018, Mali da Benin a 2023. Nijar kuma a Janairun 2025 ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da makantar kogi, ko da yake wannan ciwon na mutanen yamma ne, bakin ruwa. Haka nan ɗigon bitamin A da aka haɗa da rigakafin shan inna tun 1997, shuɗi ga 'yan ƙasa da shekara, ja ga waɗanda suka fi haka, ya rage dundumi da makantar da ke bin ƙyanda. Ajin da nake koyarwa yau ba irin ajin da na zauna a ciki ba ne.

To amma a ganina nasarar ta bar mana wata ɗabi'a da ya kamata mu yi magana a kanta. Shekara ashirin ana kawo mana maganin ido har ƙofar gida. Mota ta zo, mai shela ya zagaya, rediyo ta sanar, a yi aikin yana ko na gashi kyauta. Sai mutane suka koyi cewa ciwon ido abu ne da ake jira masu shi su zo. Ga amodari da yana, jiran wata biyu ba ya kashe ido. Amma akwai ciwon da kwana uku ya ishe shi.

Abin da majo nagari ke yi a CSI ba shi da yawa, kuma ya kamata iyaye su san shi don su gane in an yi ko ba a yi ba. Zai tambaya yaushe ya fara, ido ɗaya ne ko biyu, akwai zafi ko ƙaiƙayi ne kawai, wani abu ya bugi idon, kuma me aka riga aka zuba. Wannan ta ƙarshe ita ce mutane ke ɓoyewa, alhali ita ce ta fi muhimmanci. Sannan ya auna gani, kowane ido shi kaɗai, ɗayan a rufe da tafin hannu. In babu allon gwaji, yatsu sun isa: wanda ba ya iya ƙirga yatsu daga nisan mita uku, a ma'aunin likita wannan idon ya shiga sahun makanta. Daga nan ya haska tocila ya ga ko madubin ido garau yake, ko ɗigon tsakiya baƙi ne kuma yana tsukewa in haske ya taɓa shi, sannan ya juya fatar.

In ido biyu ne suka yi ja, da kwantsa, gani bai ragu ba, madubi garau, wannan na gida ne. Apolo ke nan da 'yan'uwansa, wanda ya samo sunansa daga annobar da ta ɓarke a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo ya sauka a wata. Wanke hannu, raba tsumma, ɗan man shafawa, cikin mako guda ya wuce. Yaron da idonsa ya yi ruwan ƙasa yana ta susa shekara da shekaru, shi ma yawanci ba amodari ba ne, borin jini ne da ƙura da rana ke tayarwa, yana son a duba shi amma ba a guje ba. Mai yana, da mai bukatar tabarau, da mai ciwon sukari da ya kamata a leƙa bayan idonsa, waɗannan a ba su takarda su shirya tafiya a cikin makonni.

Na yau-yau su ne waɗannan. Ido ɗaya ja mai zafi wanda ganinsa ya ragu. Farin ɗigo a kan baƙin ido, musamman bayan kara ko ƙaiƙayin hatsi ya soki mutum lokacin girbi da sussuka, domin gyambo ne, kuma yana iya huda ido cikin kwanaki. Duk raunin da ya fasa ido, na danƙo ko tsinke ko dutse, wanda ba a son a matsa shi ko a zuba masa komai, sai dai a kāre shi a tafi. Jaririn da bai cika wata ba idonsa ya kumbura yana zubar da mugunya. Yaro mai ƙyanda ko tamowa da ya ƙi buɗe ido. Sai yaron da tsakiyar idonsa ke haske fari kamar na kyanwa da dare, wanda kan iya zama yana, kan iya kuma zama ciwon daji da ke kisa. In kuwa siminti ko ruwan batir ne ya faɗa, kada a tsaya neman mota tukuna, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon lokaci sannan a kama hanya.

Akwai guda ɗaya da tocilar majo ba ta kamawa sai ya yi nisa, shi ne hawan jinin ido. Ba zafi, ba ja, yana cin gani daga gefe, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Wanda ya haura shekara arba'in, musamman in a gidansu akwai wanda ya makance ido garau, ya kamata ya je inda ake auna shi tun bai ji komai ba. Kuma a nan ne maganin ɗigawa na masu talla a kasuwa ke yin ɓarna. Da yawansu na ɗauke da sinadarin kwantar da kumburi irin su deksametazon. Ja ya tafi nan da nan, mai saye ya yaba, amma in gyambo ne sai ya ƙara ci, in kuma aka daɗe ana ɗigawa yaro mai ƙaiƙayin ido, sai ya jawo masa hawan jinin ido yana ɗan shekara goma.

Inda tsanin ya fi karyewa shi ne tsakanin rubuta takarda da shiga mota. Daga Gidan Rumji zuwa Maraɗi kusan kilomita 50 ne, daga Agye kusan 80, Gazawa ta fi haka, kuma duk a kan kwalta suke. Amma mutumin da ke bayan Gangara ko Gidan Sori sai ya fara neman amalanke ko kabu-kabu, ya nemi kuɗin mota na mutum biyu, da na abinci, da wanda zai tsaya masa a gona. Tun 2019 kuma CSI na gundumar Gidan Rumji suka ƙara ɗaukar nauyin dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Wata shekara a lokacin kaka, kara ya soki wani ɗalibina a ido. Majo ya duba, ya rubuta takarda a ranar. Da na ga yaron bai zo ba kwana huɗu na bi sawu, uban ya zaro takardar daga aljihu a ninke, ya ce mini, "Mushe, ai ina sane. Jira nake ranar kasuwa in sayar da wake mu tafi." Ba sakaci ya yi ba, lissafi ya yi da abin da ya sani. A saninsa takardar likita takan jira. Sun tafi a rana ta shida, yaron ya dawo da hakiya, yau da ido ɗaya yake karatu.

Shi ya sa nake ganin takardar turawa ba ta cika ba sai an faɗa wa mai ita da Hausa, baki da baki, ko ta yau ce ko ta wannan wata, da abin da zai faru in an jinkirta. Uba ma yana da haƙƙin ya tambaya: "Majo, wannan zai iya kwana?" In an dawo daga Maraɗi kuma a koma wa majo da takardar da aka bayar can, don shi ne zai ci gaba da duba idon.

Mu malamai, a makarantar horo an koya mana mu matso da yaron da ba ya ganin allo zuwa layin gaba. Wannan ba ya isa, domin matsowar kan ɓoye matsalar har yaro ya gama firamare. Allon gwaji mai harafin E da ke fuskantar sama da ƙasa da gefe ba ya bukatar yaro ya iya karatu, ɗan CI ma zai nuna da yatsunsa. A nemi guda a CSI, a manna shi inda haske yake, a auna nisan da aka rubuta a jikinsa, a gwada kowane ido daban a makon farko na Oktoba, wanda ya zo daidai da lokacin da yara ke fitowa daga gonakin hatsi. Aji mai yara sittin, safiya biyu ta ishe shi. Sunayen da suka fito a kai wa majo da hannu, a kuma kira iyayen a gaya musu a gabansa.